Ido ba kyamara ba ne: yadda waya ke gyara ko ɓata shaidar gani da ido a shari'ar fashi

A ranar Lahadi 17 ga Oktoba 2021, 'yan bindiga suka afka wa kasuwar Goronyo, inda gwamnatin jihar Sakkwato ta ce mutum 43 suka rasu. A lokacin an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, ciki har da Goronyo da Rabah. Babu sabis na kiran agaji, balle kyamarorin tsaro. Abin da ya rage shi ne abin da idon waɗanda suka tsira ya gani.

Haka lamarin yake a yawancin ƙauyukan Wurno da Rabah da Goronyo. Mahara kan zo da dare, fuska rufe da rawani, hasken tocila kawai ake gani. Idan aka kama wani daga baya, shari'ar kan rataya ne a kan kalma ɗaya: "Shi ne." Kuma hukuncin fashi da makami a dokar Najeriya kisa ne.

Shi ya sa idan ƙara ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato, ko Kotun Ƙoli, alƙalai kan tsananta bincike. Tun a shari'ar Ikemson ta 1989, Kotun Ƙoli ta ce a duba kamannin da mai shaida ya fara faɗa wa 'yan sanda, da damar da ya samu ta ganin maharin. Idan dama ya san mutumin, ba dole sai an jera masa mutane ya zaɓa ba. Idan baƙo ne da ya gani cikin firgici, ana bukatar taka tsantsan.

A nan ne waya ke shigowa. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiye hoto kamar memori. Duk lokacin da mutum ya tuna, yana iya ƙara abin da ya gani daga baya. Da zarar hoton wanda aka kama ya yaɗu a WhatsApp ko Facebook, mai shaida na iya nuna fuskar da ya gani a waya, yana ganin ita ya gani daren harin, ba tare da ya yi niyyar ƙarya ba. A Amurka, Ronald Cotton ya shafe sama da shekara 10 a kurkuku bisa irin wannan kuskure, sai gwajin DNA ya wanke shi a 1995.

Manhajar gane fuska ma ba ta kawar da matsalar ba. Binciken hukumar NIST ta Amurka na 2019 ya nuna manhajoji da yawa sun fi yin kuskure a kan fuskokin mutanen Afirka ta Yamma.

Inda fasaha ke da amfani shi ne adana bayanin farko. A ɗauki muryar mai shaida ko bidiyonsa yana siffanta maharin kafin a nuna masa kowane hoto. A ajiye asalin fayil a wayar da ta ɗauka, domin WhatsApp na rage ingancin hoto, yana kuma goge bayanan lokacin ɗauka. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya yarda da hujjar na'ura, muddin an tabbatar da yadda aka samar da ita.

Wanda ya tura hoton wanda ake zargi a zaure kafin 'yan sanda su gama aikinsu, yana iya jefa marar laifi a igiya, ko ya ba lauyan mai laifi hujjar da za ta sa kotu ta sallame shi.