Maganin suga a Damargu: ƙwaya mai tsoron yunwa da mai tsoron ƙishirwa

In ka tambayi mai ciwon suga a kasuwar Tanut wane magani yake sha, sau da yawa amsar ita ce, “Farar ƙwayar nan ta suga.” To farar ƙwayar ba ɗaya ba ce. Biyu suka fi yawa a hannun mutane: metformin, mai suna Glucophage a kwali, da glibenclamide, wato Daonil. Dukansu suna sauke sukarin jini, amma kowace da hanyarta, kuma kowace da abin da take tsoro.

Glibenclamide tana tsoron yunwa. A bayan tumbi akwai gaɓar da ke fitar da insulin, sinadarin da ke kwashe sukari daga jini ya kai wa tsoka. Ƙwayar nan matsa wa gaɓar take ta yi ta zubo shi, ba ruwanta da ko ka ci ko ba ka ci ba. Ɗauki manomi a Gangara cikin damina. Ya haɗiye ta bayan asuba, ya saɓa hauya ya nufi gona, da niyyar in yara sun kawo fura ya karya. Furar ta makara. Kafin hantsi ya dubi ludayi zufa mai sanyi ta karyo masa, hannu na rawa, gabansa na faɗuwa, ido ya yi duhu, magana ta soma harɗewa. Na kusa da shi sai su ce iska ce, a hau tofi. Ba laifi a yi addu'a, amma sukarin jininsa ne ya faɗi ƙasa da giram 0.70 a lita, kuma maganinsa ƙwayar sukari uku, ko dabino, nan take, sannan abinci mai riƙe ciki. Abin mamaki, mai ciwon suga da ke kan wannan ƙwayar shi ya fi kowa bukatar ƙullin sukari a aljihu.

In ya riga ya suma, kada a ɗura masa komai a baki, ya shaƙe. A kwantar da shi ta gefe, a nemi amalanke ko mota a kai shi asibiti mafi kusa don allurar sukari. Ko ya farfaɗo kada a sake jiki, domin ƙwayar takan wuni ta kwana tana aiki, abin na iya dawowa. Tsofaffi sun fi shiga wannan haɗari.

Metformin kuwa, wadda likitan Faransa Jean Sterne ya fara gwadawa kan masu ciwon a 1957, hanta take wa linzami, ta rage sukarin da take sakowa cikin jini. Ita kaɗai da wuya ta kayar da mutum. Takan dai murɗa ciki da sa gudawa a makonnin farko, shi ya sa ake farawa da miligiram 500, a sha ana cikin cin abinci, a ƙara sannu a hankali. Da yawa nan suke watsar da ita, alhali kuwa cikin yakan saba.

Tsoronta ƙishirwa. Ƙoda ce ke fitar da ita ta fitsari, ƙoda kuma sai da ruwa. Makiyayin da ya wuni bakin rijiya a yankin Balbeji cikin watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ga amai da gudawa, jikinsa ya bushe, ƙodarsa ta yi sanyi, maganin ya taru a jini har ya mai da shi tsami. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru yana kisa. Saboda haka ranar amai, gudawa ko zazzaɓin da ya hana ci da sha, a dakatar da ita, a sha ruwa, a ga ma'aikacin lafiya. A kuma guji diclofenac da ibuprofen na 'yan tallar magani, masu ƙara wa ƙoda nauyi. A auna ƙodar ko sau ɗaya a shekara, ko da sai an bi hanyar Damagaram.

Wanda ya manta bai sha ba, kada ya haɗa biyu don ramuwa. Wanda ya ji sauƙi ma kada ya daina, don ƙwayar riƙe ciwon take, ba ta cire shi. Kuma ba ta wanke shayi tukunya uku mai zaƙi kamar zuma.

Sai azumi, inda yunwa da ƙishirwa ke haɗuwa a wuni ɗaya. A je wurin likita tun cikin Sha'aban. Mai metformin akan mayar masa da kaso mafi yawa lokacin buɗa baki, ɗan kaɗan a sahur. Mai glibenclamide akan rage masa, ko a canza masa zuwa gliclazide, wadda ba ta kai ta kayarwa ba. In rawar jiki da zufa suka zo da la'asar, a karya azumin, a rama bayan salla.