Tafiya da Lura a Unguwannin Birnin Kano

Mutumin da ya saba bin hanya guda kullum, daga gida zuwa masallaci ko kasuwa, yakan kai matsayin da ƙafa ce kawai ke tafiya, hankali kuwa yana wani wuri, domin ƙwaƙwalwa tana daina kula da duk abin da ya daɗe bai sauya ba. Abin da ake nufi da lura a nan shi ne mutum ya tattara hankalinsa da gangan a kan abin da yake gani da wanda yake ji, ba tare da gaggawar yanke hukunci ba, sannan ya nemi sanin dalilin da ya sa abin yake haka. Tsohon birnin Kano ya dace da wannan aiki, saboda tarihinsa yana nan a fili ga duk mai tafiya a ƙasa.

Abu na farko da mai lura zai ci karo da shi shi ne sunayen unguwanni, waɗanda da yawansu ke nuna asalin mazauna ko sana'arsu. Ayagi ta Yarbawa ce, Tudun Nufawa ta Nufawa, Zangon Barebari masaukin fataken Barno, Agadasawa ta mutanen Agadas, Dandalin Turawa kuwa mazaunin Larabawan Arewacin Afirka. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa da ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ita ce ta janyo yawancin waɗannan baƙi, suka zauna har suka zama 'yan gari.

Gine-gine ma suna da nasu bayanin. Tsohon gida ana gina shi da tubali, wato curin ƙasa da aka busar a rana, a yi masa rufi da azara, wadda ake tsagowa daga itacen giginya saboda gara ba ta cinta da sauƙi, a kuma sa indararo ya riƙa zubar da ruwan sama nesa da bango don kada ya zaizaye shi. Kaurin bangon ƙasa da matsin lunguna suna rage zafin bazara, abin da ginin bulo mai rufin kwano ba ya yi. Ƙasar ginin kuwa a kusa ake haƙo ta, ramin da aka bari shi ne kududdufi, wanda ke tara ruwan damina ya hana shi shiga gidaje. Saboda haka wanda ya lura an cike kududdufin unguwarsu da shara an yi gini a kansa, ya riga ya gano ɗaya daga cikin dalilan ambaliyar watan Agusta. Haka nan ganuwar da aka fara ginawa a zamanin Sarki Gijimasu, tsakanin 1095 da 1134, mai wucewa kullum ne zai fi kowa sanin inda ake ɗibar ƙasarta.

Kunne ma yana da rabonsa, domin sautin karatun makarantar allo da na bugun shuni a wajen mabuga suna bayyana lokaci da sana'ar wuri, kamar yadda yawan 'yan ga-ruwa da kurarsu da sassafe ke nuna cewa famfo ya daina kawo ruwa.

Koyon lura yana buƙatar rage sauri, da barin waya a aljihu, da zaɓar abu guda a bi shi na ɗan lokaci, kamar bishiyoyi ko magudanan ruwa, tare da tsayawa a gaida dattawan da ke zaune a dakali, tunda su ne suka san yadda wurin yake a da. Lura kuma tana da iyaka, domin zaure shi ne ƙarshen inda idon baƙo ke da hurumi, abin da ke bayansa sirrin masu gida ne. Unguwar da mazaunanta ke lura da ita, a nan ake kai wa mai unguwa labarin toshewar kwata ko tsagewar bango tun ɓarnar ba ta auku ba.