YADDA ƘWAYAR ƘYANDAR BIRI KE SHIGA JIKI TA GINA 'YA'YANTA

A Gaduwa, unguwar da ke maƙwabtaka da Gudu cikin birnin Abuja, akwai babban ɗakin gwaje-gwaje na Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Nijeriya, watau NCDC. Can ne ake kai ruwan ƙuraje daga jihohi idan likita ya yi zaton ƙyandar biri ce ta kama mutum. Sa'ad da cutar ta ɓulla a Jihar Bayelsa cikin watan Satumba na 2017, bayan shekara 39 ba a ji ɗuriyarta a ƙasar nan ba, sai da aka aika da samfuri har Dakar kafin a tabbata ita ce. Yanzu kuwa a gida ake wannan aiki.

Sunan nan ƙyandar biri ya ɓad da mutane da yawa. Ba ta haɗa dangi da ƙyanda ba, balle ƙarambau. 'Yar'uwar agana ce, wadda dattawa kan sakaya sunanta su ce 'yan rani. Shi ma biri tsautsayi ne ya hau kansa, domin a jikin birai aka fara ganin ƙwayar a ƙasar Denmak cikin 1958, amma masana sun fi zargin ɓeraye da kuregun daji.

Ƙwayar tana da siffar bulo, kuma ƙatuwa ce cikin jinsin bairas, ko da yake sai an jera wajen 3,000 kafin su cika milimita ɗaya. Tana ɗauke da umarnin ƙera furotin kusan iri 200, kuma su ne ma'aikatanta. Da su take shiga sel, watau ƙananan ɗakunan nan da aka gina jikin ɗan Adam da su, da su kuma take hayayyafa. Yawancin abin da aka sani game da su daga ƙwayar baksiniya aka samo, wadda ake allurar lamba da ita, shi ya sa sunayensu nata ne.

Shiga sel aiki ne hawa biyu. Da fari wasu furotin huɗu, A26 da A27 da D8 da H3, su ne ke manna ƙwayar a jikin sel. Sa'an nan sai a haɗe tantanin ƙwayar da na sel su zama ɗaya, domin kayan cikinta su zube ciki. A nan abin mamaki yake. Ƙwayar mura da furotin ɗaya tak take wannan aiki, amma dangin agana sai sun tara 11. Dakta Bernard Moss da abokan aikinsa a Amurka sun yi shekaru suna cire su ɗaya bayan ɗaya, suka ga kusan duk wanda aka cire, ƙwaya takan ginu lafiya lau, ta manne a ƙofa, amma shiga ta gagare ta.

In ta shiga, ba ta neman ƙuryar sel inda yawancin masu DNA irinta ke zuwa aron kayan aiki. Da nata ta zo, sai ta kafa masana'anta a tsakar gida. Daga nan ta shiga yagar tantanin sel ɗin, tana lanƙwasa shi ya yi kamar jinjirin wata. Mai lanƙwasawar shi ne furotin D13, wanda ke jeruwa a bayan tantanin kamar saƙar zuma, har jinjirin watan nan ya rufe ya zama ƙwallo, da DNA a ciki. Aikin D13 daidai yake da na katakan da magini ke kafawa kafin ya zuba siminti: da gini ya tsaya sai a cire su. Mai cirewar furotin ne da ake kira I7, almakashin ƙwayar, wanda ke datse ƙusar da ta riƙe D13, ya kuma datse furotin na ciki, sai ƙwallon ya tsuke ya koma bulo. Kafin wannan yanka ƙwayar ba ta iya harbin kowa. Tun 1969 aka lura cewa rifamfisin, maganin tarin fuka, yana tsai da ginin a matakin D13, sai dai yawan da ake bukata ya wuce abin da za a ba majiyyaci.

Waɗansu daga cikin ƙwayoyin da suka nuna akan ƙara naɗe su da tantani don su fita su bazu cikin jiki, wannan kuwa aikin furotin F13 ne. Shi maganin tekobirimat, wanda Amurka ta amince da shi a 2018 saboda agana, ke toshewa. An sa masa rai ƙwarai, amma gwajin da aka yi a Kwango, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2024, bai nuna yana gaggauta warkewar ƙurajen ƙyandar biri ba. Sanin inda ƙofa take daban, rufe ta a jikin mai ciwo daban.

Rigakafi kam ya fi cika alkawari. Da yake furotin na dangin nan kusan iri ɗaya ne, jikin da ya san na baksiniya yakan gane na sauran. Binciken da aka yi a Zayar cikin shekarun 1980 ya nuna lamba tana kare mutum daga ƙyandar biri da misalin kashi 85 cikin 100. To, amma tun da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da sanarwar ƙarewar agana a watan Mayu na 1980 aka daina lamba, ga shi kuwa galibin 'yan Nijeriya bayan nan aka haife su, ba su da tabon nan a dantse.

A watan Agusta na 2024 Nijeriya ta karɓi allurar Jynneos guda 10,000 daga Amurka, aka soma yi a Abuja cikin Nuwamba. Tun da sau biyu ake yi wa kowane mutum, tsakani kwana 28, rabon mutum 5,000 ke nan.