2,147,483,647: Lambar da Ta Ƙi Rabuwa

Ɗauki ɗaya ka ninka ta zama biyu, biyu ta zama huɗu, huɗu ta zama takwas. Ci gaba har ka ninka sau 31, sannan ka cire ɗaya. Abin da zai rage a hannunka shi ne 2,147,483,647.

Bakwai ɗin da ke ƙarshenta ya nuna mara ce, ba cika ba. Abin da ido ba ya gani shi ne taurin kanta: duk girmanta, babu lambar da za ta raba ta ba saura, in ba ɗaya ko ita kanta ba. Dangin 2 da 3 da 5 da 7 ce ke nan, marasa rabuwa. A cikinsu ma tana da gidanta na musamman, mai ɗauke da sunan Marin Mersenne, limamin Kirista Bafaranshe da ya sa ta cikin jerinsa na marasa rabuwa a 1644. Gidan na waɗanda ake samu ta hanyar ninkawa a cire ɗaya ne. Ba kullum hanyar ke kai wa gaci ba, domin ninki 11 kan ba da 2,047, wadda 23 ke raba ta sau 89 cif. Ita kanta 31 'yar gidan ce: 32 ba ɗaya.

Mersenne faɗa kawai ya yi. Hujja sai a 1772 ta zo daga Leonhard Euler, kuma nan ne labarin ya fi taɓa ni, don a lokacin idanunsa sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Bai zauna gwada lambobi ɗaya bayan ɗaya har zuwa 46,340, iyakar da gwajin ke buƙata, ba. Ya fara nuna cewa duk lamba marar rabuwa da za ta iya raba ta, in aka raba ita ma da 248, dole saura ya zama 1 ko 63. Da wannan rariya ya tankaɗe dubbai, ya bi kaɗan ɗin da suka rage, babu wadda ta shiga.

Yau lambar tana cikin na'urorinmu. Kwamfuta da sifili da ɗaya take ƙirga. In aka ba ta gurbi 32, aka ware ɗaya don nuna ko lambar tana sama da sifili ko ƙasa, to 2,147,483,647 ce iyakarta. A 2014 sai da YouTube ya faɗaɗa ma'ajiyar ƙirgensa zuwa gurbi 64 saboda masu kallon bidiyon Gangnam Style sun doshi wannan bango.

Wanda ya fi damuna agogo ne. Tsarin kwamfuta na Unix yana ƙirga daƙiƙoƙi tun daga 1 ga Janairun 1970, kuma ƙirgen zai kai lambar nan ranar 19 ga Janairun 2038. Duk tsohuwar na'ura mai ƙirgen gurbi 32 da ba a gyara ba kafin ranar, da ƙarin daƙiƙa ɗaya za ta ɗauka tana cikin Disambar 1901.