Daga Baleyara zuwa Kantin Kwari: abin da munka koya cikin Adaidaita Sahu

Gabanin ƙaramar salla, asusunmu ya zaɓi mu ukku mu tahi Kano sarin atamhwa da shadda, mu kawo kasuwar Lahadi ta Baleyara. Kuɗin da munka ɗauka ba namu ba ne mu kaɗai, zubin mata ne na wata da watanni. Shi ya sa munka ce bari mu rubuta abin da munka gani, don ƙungiyar da za ta aika nata gobe.

Hanya ba ta ba mu wuya ba. Daga Yamai sai Doso, Ƙonni, Maraɗi, munka ƙetare iyaka ta Ɗan Isa da Jibiya, sai Katsina, sai Kano. Muna cewa ai ƙasar Hausa ce, mi zai ruɗe mu? Ashe wuyar tana cikin gari.

Babu kabu-kabu, sai mai ƙafa ukku

Da munka sauka tashar Ƙofar Ruwa, sai munka shiga neman kabu-kabu kamar a gida. Wata dattijuwa ta yi dariya ta ce tun 2013 gwamnati ta hana acaɓa ɗaukar fasinja cikin birnin. Abin hawa shi ne babur mai ƙafa ukku, ruwan ɗorawa, wanda suke kira Adaidaita Sahu. Mutum ukku ke zama baya. Ki tsaya bakin titi, in ya rage gudu ki hwaɗi inda za ki. In hanyarshi ce ya tsaya, in ba ita ba ya wuce, ba gaba ba ce.

Hawa iri biyu ne. Akwai na haɗaka, kowa ya biya kuɗin kujerarshi, ana sauke wani ana ɗaukar wani. Akwai shata, su suna ce mata "dirof", ke kaɗai da kayanki har ƙofar inda za ki, kuɗinta ya hi yawa. Mai kaya shata ta hi mata kwanciyar hankali, amma a gama ciniki kahin a ɗora ƙafa.

Ɗari ukku ba ɗari ukku ba ce

Nan ne munka sha kunya. Mu a gida da dala muke lissahi: in an ce ɗari, sefa 500 ke nan. Direba ya ce ma ma'ajiyarmu "ɗari ukku", ita ko ta ninka sau biyar kamar yadda ta saba, ta miƙa mishi naira 1,500. Ya amsa, ya ja baburinshi, ko waiwaye. A Kano ɗari ukku naira 300 ce cif. Haka jika: wurinmu sefa 1,000 ce, wurinsu jaka naira 200. Asarar ba ta da yawa, amma ku duba in da a kan dilar atamhwa ta hwaru. Tun ranar duk kuɗin da aka hwaɗa muna, sai mu ce a rubuta a takarda ko a danna a waya mu ga lambar da idonmu.

Canji kuma a Wapa munka yi shi, cikin Fagge, kusa da Kwari. Mun tambayi mutum ukku kahin mu canza, munka ƙirga a zaune, munka ware ƙananan takardu na mota daban. Manyan kuɗi kowa ta ɗaure rabonta a lalita ƙarƙashin zane, don kada a tara ƙwai a kwando guda.

Ranar da munka ɓace ma juna

Kwana na biyu wata baƙuwa ta riga mu zama, sai ɗayarmu ta hau wani Adaidaita daban, munka ce mu haɗu "bakin Kwari". Ashe Kwari bakinta ba ɗaya ba ne: gidaje ne da layuka, kowane da sunanshi. Aka sauke ta wani gehe, mu wani gehe, layin wayarta na Nijar kuma ba ya shiga, ga sulusin kuɗin asusu a jikinta. Daga hantsi har azahar muna yawo, zuciya kamar ta hita.

Abin da ya cece mu karatun yaƙi da jahilci ne. Da dare mun rubuta ma kowa, a ƴar takarda, sunan unguwar masaukinmu da masallacin da ke kusa da lambar uwar ɗakinmu. Ta nuna ma wani direba takardar, ya kira da wayarshi, ya kai ta har ƙohwa, bai ƙara mata ko naira ba. Direbobin ba duka sunka zama ɗaya ba.

Ga masu tahiya gaba

Ku hau tare, ko da za ku jira wani ya zo babu kowa. Ku riƙe sunan gidan da kunka yi sari da lambar shago. Ɗan dako sauri gare shi, ɗaya ta bi shi ƙafa da ƙafa. Kada a hiddo waya a gehen titi cikin Adaidaita, ana fizgewa. Ku koma masauki kahin magariba. A 2022 ma an kafa dokar hana su aiki daga ƙarhe 10 na dare zuwa 6 na sahe. In za ku yi tambaya, ku tambayi mace ko mai shago da ke zaune, matambayi ba ya ɓata.

Mun dawo da kaya cikakku, munka karanta lissahi gaban taro, har da naira 1,200 da ta salwanta, don amana ba ta son ɓoye-ɓoye. Mata sunka yi dariya sunka yahe. Allah shi ƙara ma asusunmu albarka, shi kai matahiya lahiya shi maido su lahiya.