Ruwan ƙarƙashin mota: raɓa ce ko yoyo?

Duk wanda ya ratsa wurin ajiye motoci na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko bakin babbar kasuwar Sakkwato a watan Agusta, zai ga ƙananan tabbunan ruwa a ƙarƙashin motocin da aka kashe ba da jimawa ba. Sau da yawa da mai mota ya gani sai gabansa ya faɗi, ya ce motarsa tana yoyo. A matsayina na ɗalibin harshe, ina ganin matsalar daga wannan kalma ta fara, domin a Hausa ba a cewa abu yana yoyo sai idan yana zubar da abin da aka ba shi ajiya, kamar tulu ko rufin ɗaki. Ruwan na'urar sanyaya mota kuwa ba ajiya ba ne, raɓa ce.

Ga yadda abin yake. A bayan dashbod akwai wani curin siraran bututai da iskar gas ke sanyayawa har ya kusa kai ƙanƙara. Idan fanka ta turo iska ta cikinsa, danshin da ke cikin iskar sai ya kwanta a jikinsa, kamar yadda ledar ruwan sanyi ke yin gumi idan an fito da ita daga firji. Dalili shi ne iskar da za ta cika akwati mai mita ɗaya ta kowane ɓangare tana iya riƙe kusan giram 30 na danshi a zafin digiri 30, amma a digiri 5 ba ta riƙe fiye da giram 7. Ragowar ita ke taruwa ta bi wata mesar roba ta ɗiga ƙasa, galibi ta gefen fasinjan gaba. Hasali ma, lokacin da Willis Carrier ya ƙera na'urarsa a 1902 don wata maɗaba'a a birnin New York, rage danshi ne burinsa, sanyi ya biyo baya.

Wannan ne ya sa a Sakkwato ruwan yake bin yanayin shekara. A watan Maris, zafi kan kai digiri 40 amma iska a bushe take, saboda haka ɗigon kaɗan ne. Da damina ta kankama sai ya yawaita. Idan kuma aka ga babu ɗigo ko kaɗan a tsakiyar damina alhali na'urar tana aiki, ga shimfiɗar ƙasan mota ta jiƙe tana warin ruma, to ƙurar hunturu ce ta toshe mesar, kuma buɗe ta aikin mintoci ne.

Sai dai mai karatu kada ya saki jiki, domin yoyo na gaskiya yana nan. Ruwan lagireto na asali yana da launi, kore ko ja-ja, yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi, kuma guba ne ga yara da dabbobi. Baƙin mai ba ya ɓuya. Man birki yana da santsi, ana yawan ganinsa kusa da taya, kuma wanda ya gan shi bai kamata ya hau titi ba. Inda gizo ke saƙa shi ne da yawanmu ruwan famfo muke ɗura wa lagireto, don haka idan ya tsiyaya ba a bambanta shi da raɓa da ido. Mafita ita ce a yi tafiya ta yini guda ba tare da kunna na'urar ba. Idan ɗigon bai tsaya ba, a duba tankin ruwa da safe kafin a tayar da inji, kada kuma a kuskura a buɗe murfin lagireto yana da zafi. Wanda ya yi sakaci da wannan a hanyar Sakkwato zuwa Gusau yana iya ƙona injinsa a dokar daji.

Ke nan kalma ɗaya tana jawo asara iri biyu: wani ya biya kuɗin gyaran abin da bai lalace ba, wani kuma ya raina yoyon da zai ci injinsa. Makanikanmu sun yi nasu ƙoƙarin, domin su suka ba mu lagireto da salansa da birki, har suka zauna daram a bakin Bahaushe. Masana ma sun yi aiki, tun daga ƙamusun Bargery na 1934 har zuwa Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Abin da ya rage shi ne a haɗa gareji da jami'a.

Shawarata ga sassan nazarin harsunan Nijeriya ita ce su tura ɗalibai garejojin Sakkwato su tattaro kalmomin da ake aiki da su, a tace su tare da malaman injiniya, a fitar da ɗan littafin jagora ga direbobi, gidajen rediyo kuma su yaɗa shi. Kafin nan, mu fara da abu mai sauƙi: mu kira raɓa da sunanta, mu bar wa yoyo nasa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.