Gida A Gaba, A-Kori-Kura A Baya

Duk wanda ya bi manyan hanyoyin ƙasar Amurka a farkon hunturu, zai riƙa cin karo da wasu manyan motoci masu kama da safa sun nufi kudu, wajen jihohin Arizona da Fulorida, inda sanyi yake da sauƙi. Ba motocin haya ba ne, gidaje ne sukutum, da gado da madafa da makewayi a ciki, kuma akasarin masu su tsofaffi ne da suka yi ritaya. Kamfanin Winnebago na jihar Ayowa ya soma ƙera irinsu tun 1966.

To, sau da yawa za ka ga a-kori-kura ɗaure a bayan gidan tana biye, ba kowa cikinta. Dalili kuwa, mutum in ya sauka a zango ya haɗa ruwa da lantarki, ba zai tayar da gida ɗungurungum don sayen burodi ba. Ita motar bayan sukan yi mata laƙabi da kwaɗo, domin a Turanci sunan kwaɗo da kalmar abin da aka ja sautinsu ɗaya ne.

Ɗaurin kansa ba wuya. Akan kafa ƙarfe a ƙirjin motar, a haɗa shi da sandunan ja guda biyu, a ƙara igiyoyin ƙarfe saboda tsaro, sa'an nan a ja wayar fitilu. Inda gizo ke saƙar shi ne cikin akwatin giya. A mota mai canza giya da kanta, injin ne ke juya famfon da ke watsa mai cikin akwatin. In aka kashe injin aka ja ta, tayoyin baya suna juya farfela, farfela tana juya haƙoran giya, alhali mai ba ya zagayawa. Haka ƙarfe zai yi ta cin ƙarfe har akwatin ya ƙone, direba yana can gaba bai san wainar da ake toyawa ba. Sa giya a firi kaɗai ba ya maganin wannan.

Saboda haka masu wayo sukan nemi a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu, wadda ke da ƙaramin akwati na biyu da za a iya sa shi a firi, ya raba tayoyi da giya baki ɗaya, kamar Jeep Gladiator da wasu samfurorin Ford F-150. Wadda ke ja da baya kaɗai kuwa, sai dai a kwance farfela ko a ɗora ta bisa tirela. Littafin da ke zuwa da mota shi ne alƙali, ba bakin dillali ba.

Sai batun nauyi. Maɗaurin gidaje da yawa masu shan fetur bai wuce ɗaukar kilo 2,270 ba, babbar a-kori-kura kuwa takan kai haka ko ta zarce tun ba a ɗora mata kaya ba. Jihohi da dama sun wajabta sa na'urar da ke taka birkin motar baya tare da na gaba, kuma a ganinmu ko ba doka wajibi ne, domin a gangaren dutse motar da kake ja ita ke tura ka.

Abu guda da sabon shiga kan manta: wannan haɗi ba ya ribas, domin tayoyin gaban motar bayan sukan murɗe su lanƙwasa sanduna. Wanda ya kutsa gidan mai maras mafita ta gaba, tilas ya sauko ya kwance ɗaurin tukuna.